Yadda zaka tsara cikin zauren da yara da tsofaffi zasu riƙa zama tare

Duk wanda aka damƙa wa aikin tsara wurin da yara da tsofaffi zasu riƙa haɗuwa, ko cibiyar al'umma ce, ko ɗakin karatu, ko gidan kula da tsofaffi da aka buɗe wa yara sashe a ciki, zai gane cewa fenti da ado su ne mafi sauƙi a aikin. Inda gizo ke saƙar shi ne wuraren da buƙatar yaro da ta tsoho suke cin karo. Hannun ƙofar da tsohuwa mai ciwon gaɓɓai zata buɗe ba wahala, shi ne dai ɗan shekara biyu zai ja ya fice waje. Shimfiɗa mai laushi da zata tare yaro in ya faɗi, ita ce zata harɗe ƙafar mai sanda. Ihun da yara ke yi don murna, a kunnen mai na'urar ƙara ji azaba ne. To in baka zauna ka warware irin waɗannan ɗaya bayan ɗaya ba, zaka gama gini mai kyau a hoto, amma bayan wata biyu sai kaga tsofaffin sun daina zuwa, kuma ba wanda zai faɗa maka dalili.

Abin ba sabo bane a duniya. A Tokiyo akwai Kotoen, inda aka haɗa gidan tsofaffi da makarantar renon yara shekaru da dama da suka wuce. A Siyatil ta Amurka, gidan tsofaffi na Providence Mount St. Vincent ya buɗe cibiyar yara a cikinsa tun 1991. Gwamnatin Jamus ta fara shirin gidajen haɗuwar manya da yara a 2006, a Landan kuma an buɗe makarantar renon yara a harabar gidan tsofaffi na Nightingale House a 2017. Sai Kampung Admiralty a Singafo, gini ɗaya da ya haɗa gidajen tsofaffi da asibiti da wurin renon yara, har ya ci kyautar ginin shekara na duniya a 2018. Ba sai kana da kuɗi irin nasu ba, yawancin abin da zan lissafa awo ne da tunani.

Mataki na farko: san waɗanda zasu shigo

Kalmar "yara" tana yaudara, haka ma "tsofaffi". Jariri mai rarrafe da yake kai komai baki daban yake da ɗan shekara 8 da yake son gudu da tsalle. Dattijo ɗan 65 mai ƙarfinsa daban yake da ɗan 88 da yake kan keken guragu ko wanda cutar mantuwa ta fara taɓawa. Saboda haka ka rubuta a takarda: shekarun yaran daga nawa zuwa nawa, mutum nawa ne masu sanda, nawa ne masu keke, su wa basa gani sosai, su wa basa ji sosai, mutum nawa zasu taru a lokacin da wurin yafi cika, kuma ma'aikata nawa ne zasu sa ido.

Sannan ka tambaye su, su kansu ba 'ya'yansu ko shugabannin cibiyar kaɗai ba. Tsoho zai gaya maka abin da ba zaka samu a littafi ba, misali ya ce shi baya son kujerar da ta ba ƙofa baya. Yara kuma ka basu takarda su zana inda suke son zama. Bayan haka ka ɗauki tef ɗin awo ka zagaya ɗakin sau biyu, sau ɗaya a durƙushe daidai tsayin ɗan shekara uku, sau ɗaya a zaune cikin keken guragu. Abin da zaka gani daga can ƙasa zai baka mamaki, soket a daidai ido, kusurwar tebur a daidai goshi, taga kuma tana can sama ba abin da ake hangowa sai silin. Ka nemi dokar gini da ta kashe gobara ta inda kake tun yanzu, don alƙaluman da zan kawo na gama-gari ne, in dokar wurinku tafi su tsauri ita zaka bi.

Mataki na biyu: raba filin gida uku

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan mutane suka fi yin kuskure. Sai a share babban falo guda a zuba kowa a ciki wai ai haɗuwa ake so. A'a. Haɗuwar da aka tilasta bata daɗewa. Tsohon da ya san in ya gaji yana da inda zai janye ya huta, shi ne zai yarda ya zauna cikin yara awa guda. Wanda ya san ba mafita, gobe ba zai dawo ba. Yaro ma haka, akwai mai jin kunya ko tsoron baƙuwar fuska, yana buƙatar lungun da zai laɓe yana leƙe har ya saki jiki.

To ka fitar da wuri uku. Akwai wurin haɗuwa, inda babban tebur yake, ana zane, ana karatu, ana wasan dara ko kati, ana hira. Akwai wurin yara zalla inda zasu yi birgima da hayaniya ba mai cewa su yi shiru. Akwai kuma wurin natsuwa na manya, mai ƙofa da ake iya rufewa. Ka sa wurin haɗuwa a tsakiya, wurin hayaniya a wannan ƙarshe, wurin natsuwa a wancan ƙarshe, kada su haɗa bango in da hali. In dole sai sun haɗa, ka sa sito ko banɗaki a tsakaninsu ya shanye ƙarar.

Abin da na fi ba muhimmanci a nan shi ne bakin iyaka, wato inda wuri ɗaya ya ƙare wani ya fara. Yawancin shaƙuwar da ake nema ba a tsakiyar fili take farawa ba, a gefe take farawa. Tsohuwa tana zaune tana kallon yara suna gina wani abu, yau kallo kawai, gobe wani yaro ya kawo mata ya nuna mata, jibi kuma kaga ta matso da kujerarta. Don haka ka jera kujeru biyu-uku masu daɗin zama a gefen wurin yara, bayansu na jingine da bango ko kanta, fuskarsu na kallon wasan amma ƙwallo ba zata same su ba. Maimakon bango har sama, yi amfani da kanta ko shinge mai tsayin kamar santimita 90 zuwa mita ɗaya, wanda ma'aikaci a tsaye zai ga ko'ina, yaro kuma yaji yana cikin nasa wurin. Sai dai ka lura, wanda yake zaune cikin keke idonsa baya wuce kamar santimita 110 zuwa 125 daga ƙasa, in ka ɗaga shingen ya wuce haka ka rufe masa kallo. Ɗakin natsuwa ma ana iya yi masa taga ta ciki mai gilashi biyu, a ga yara ba a jin su, da labule don wanda baya son ganin ma.

Hanyar wucewa kada ta ratsa ta tsakiyar wurin wasa. Ta zagaye shi. Mai sanda da zai je banɗaki bai kamata ya tsallaka motocin roba da yara masu gudu ba. Faɗin hanyar ya kai mita ɗaya da rabi, in kana son keke biyu su wuce juna ba gogayya to santimita 180. Duk inda keke zai juya, ka bar da'ira mai faɗin santimita 150 ba komai a ciki. Kuma ka guji dogon korido miƙaƙƙe fetal, don yaro in ya ga irinsa ƙafarsa da kanta take fara gudu. Ka karya shi da ɗan lungun zama.

Kusa da ƙofar shiga ka ware wurin ajiye keken jarirai da keken guragu da sanduna, da benci na zama a cire takalmi ko a huta. Masu zane suna yawan manta wannan, ƙarshe kayan su taru a bakin ƙofa su toshe hanya.

Mataki na uku: ƙasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. Yaro ya faɗi sau goma a rana ya tashi ya ci gaba, tsoho kuwa faɗuwa ɗaya tana iya karya masa ƙugu ta kwantar da shi. Saboda haka in kuɗinka kaɗan ne, fara kashe su a ƙasa.

Tayil mai sheƙi kam ka manta da shi. Yana santsi in ruwa ya zuba, kuma inda yara suke ruwa sai ya zuba, yana ƙara amo, ga shi mai raunin gani ko mai cutar mantuwa yana ɗauka ƙasar a jiƙe take sai ya riƙa taka ta a tsorace, wannan tsoron kansa yana kawo faɗuwa. Abin da yafi dacewa shi ne ledar ƙasa mai kauri wadda bata santsi, ko ta roba, mara ƙyalli, wadda ake manne ta gaba ɗaya. Tana da ɗan laushi, ana goge ta, taya tana tafiya a kanta.

Launin ƙasan ya zama ɗaya daga ɗaki zuwa ɗaki. Kada ka yi zanen baƙi da fari ko manyan furanni. Baƙin tabo ko baƙar tabarmar goge ƙafa a bakin ƙofa, mai cutar mantuwa yana iya ganinta kamar rami ya ƙi takawa, layi mai duhu kuma ya zata matakala ce ya ɗaga ƙafa. Ƙananan kafet da ake yarwa nan da can ka kwashe su duka, su ne manyan masu kayar da tsofaffi.

To yara fa da suke son zama a ƙasa? Ga yadda ake yi: shimfiɗa mai laushi ta tsaya a wurin yara kawai, nesa da hanyar wucewa. In ana gini ne ko babban gyara, a sauke ƙasan wurin da 'yan santimita yadda in an shimfiɗa katifar wasa samanta zai yi daidai da sauran ƙasa. In ba hali, a sayi mai gefe a kwance kamar gangara, a manne ta, launinta kuma ya bambanta sosai don kowa ya ganta. Dokin ƙofa in za a iya cire shi a cire, in ba za a iya ba kada ya wuce kamar santimita 1.3, a kuma sassabe bakinsa.

Mataki na huɗu: ƙara

Wannan shi ne abin da ba a gani a zane, kuma a ganina shi yafi korar tsofaffi. Jin mutum in ya fara raguwa da shekaru, siririn sauti yake fara tafiya, muryar yara kuwa siririya ce, ga su basa fitar da harafi sosai. Ka haɗa wannan da ɗaki mai siminti da tayil da gilashi inda kowace magana take dawowa, sai ya zama kamar ka sa kai cikin ganga ana dukanta. Na'urar ƙara ji kuma ba zaɓe take ba sosai, har ƙarar cokali da jan kujera tana ƙarawa. Sai kaga dattijo yana murmushi yana gyaɗa kai, alhali ko kalma ɗaya bai ji ba.

Gwajin farko mai sauƙi ne, tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In kaji amsa-kuwwa tana jan wutsiya, akwai aiki. Ma'aunin da ake bi a Amurka na ajin makaranta madaidaici ya ce kada amon ya wuce kashi 6 cikin 10 na daƙiƙa kafin ya mutu, wannan adadin ya dace da irin wurinmu. Fara da silin tunda shi ne fili mafi girma da ba mai taɓa shi, a sa allunan da ke shanye sauti. Sannan bango, aƙalla ɗaya daga kowane bango biyu masu fuskantar juna a liƙa masa allo mai soso da yadi, a daidai tsayin kunnen wanda yake zaune, kuma allon yana iya zama wurin manna zanen yara, ka jefi tsuntsu biyu kenan. Labule mai nauyi, kantar littattafai, kujeru masu kushin, duk suna taimakawa. Ƙafafun kujeru da tebura a sa masu roba. Akwatin zuba kayan wasa a shimfiɗa yadi a gindinsa.

Talabijin da rediyon da ake barin su a kunne ba mai saurare, a kashe. Fanka ko na'urar sanyaya ɗaki mai gurnani a gyara ko a canza. Teburin haɗuwa kuma kada ya cika girma, mutum shida zuwa takwas ya isa, in mai zagaye ne yafi, don mai raunin ji da kallon baki yake cike gurbin abin da ya kuɓuce masa.

Mataki na biyar: haske da launi

Idon ɗan shekara 60 kusan kashi ɗaya cikin uku na hasken da idon ɗan 20 ke samu yake samu. Wato ɗakin da kai kake ganin tas, a wurinsa da duhu-duhu. Amma kuma idon nan da yake son haske da yawa shi ne baya jure ƙyalli, musamman in akwai yanar ido. Don haka haske ya yi yawa amma a baje, kada ƙwan fitila ya zama tsirara yana dukan ido. A sa fitilu masu murfi, wasu su haska silin hasken ya dawo ƙasa, a ƙara fitila ta musamman a kan teburin karatu da ɗinki. In kana da na'urar auna haske, ko manhajar waya ma tana bada kimani, nemi kamar lakis 300 (lakis shi ne ma'aunin ƙarfin haske) a ɗaki gaba ɗaya, 500 zuwa sama a kan tebur. Ka tuna jarirai a kwance suke suna kallon sama, fitilar da ke saman wurinsu ta zama mai laushi.

Idon tsoho yana jinkirin sabawa in an fito daga haske zuwa duhu, saboda haka korido da banɗaki da bakin ƙofa kada su fi falo duhu sosai. Taga kuma a sauke ta ƙasa in ana gini, yadda yaro da wanda ke zaune zasu ga waje, da gilashi mara fashewa da makari da zai hana ta buɗuwa fiye da santimita 10. Labule mai igiya mai lilo kada ya shigo wurin sam, yana shaƙe yara.

Batun launi, mutane suna ɗauka wurin yara dole ja da rawaya da shuɗi ko'ina, wurin tsofaffi kuma fari da ruwan toka kamar asibiti. Duka biyun basu yi ba. Dattijo baya son a zaunar da shi ƙarƙashin zanen katun, raini ne, yaro kuma launi in yayi yawa hankalinsa baya zama wuri ɗaya. Bango ya zama mai sanyin launi, kayan wasa da zanen yaran da kansu zasu kawo armashi. Aikin launi na gaske shi ne bambancewa: ƙofa ta fita daban da bango, kujera ta fita daban da ƙasa, mariƙi ya fita daban da abin da aka kafa shi a kai. Da shekaru idon mutum yana ɗan yin rawaya a ciki, sai shuɗi da kore da shunayya masu haske su riƙa rikicewa, don haka kada ka dogara da su wajen alama. Dabara mai sauƙi, ɗauki hoton ɗakin da waya ka mayar da shi baƙi da fari, duk abin da ya ɓace a hoton to zai ɓace wa mai raunin gani. Akasin haka ma yana aiki, ƙofar sito da baka son kowa ya buɗe, yi mata fenti iri ɗaya da bango.

Mataki na shida: kujeru da tebura

Doguwar kushin mai zurfi da mutum ke nutsewa a ciki tana da kyau a ido, amma tsoho in ya zauna sai an zo an ɗago shi, kuma ba wanda yake son a riƙa ɗago shi a gaban yara. Kujerar babba ta kasance santimita 45 zuwa 48 daga ƙasa, mazauninta da ɗan tauri, bayanta a miƙe, da hannu biyu da suka zo har gaban mazaunin don a dafa a miƙe, ƙarƙashinta kuma a buɗe yadda mutum zai ja ƙafa baya kafin ya tashi. Kada ta zama mai taya. Ka sayi tsayi iri biyu ko uku don mutane ba tsayinsu ɗaya ba. Yadin ya zama mai gogewa amma ba irin ledar asibiti mai ƙyalli ba.

Na yara, ɗan shekara 3 kujerar santimita 26 da tebur 46, ɗan 5 kujerar 31 da tebur 53, ɗan 7 kujerar 35 da tebur 59, haka ma'aunin kayan makaranta na Turai ya tsara, kusan-kusan.

To a teburin haɗuwa wa zai bi wani? Kada ka sauko da tsoho ƙasa, ɗago yaro sama. Tebur ya tsaya a tsayin manya, santimita 72 zuwa 75, da sarari aƙalla 69 a ƙarƙashi don gwiwar mai keke ta shiga, yara kuma a basu kujeru masu tsayi da ke da matakin ɗora ƙafa, don yaron da ƙafarsa ke lilo baya minti biyar a zaune. Da haka ido zai haɗu da ido. Teburin ya zama mai nauyi, tunda tsoho zai dafa shi ya tashi yaro kuma zai yi lilo a gefensa, kusurwoyinsa a zagaye. A lungun karatu ka sa kujera mai faɗin mutum ɗaya da rabi, babba ya zauna yaro ya raɓa kusa da shi ba sai ya hau cinyar da ke ciwo ba. Duk kabad da kanta da durowa a ɗaure su da bango da sukuru, don yaro zai hau, babba kuma zai riƙe su in jiri ya ɗebe shi.

Mataki na bakwai: ƙofa, mariƙi, matakala, soket

Ƙofa in an buɗe ta sararin ya kai santimita 90, mafi ƙanƙanta da dokar Amurka ta yarda da shi kamar 81 ne. Hannunta ya zama na dannawa ƙasa ba mulmulalle na murɗawa ba. Sai matsalar da na faɗa, yaro zai buɗe. Wasu sai su ɗaga sakata can sama, to ka hana yaro amma ka kulle mai keke a ciki, tunda hannunsa baya wuce kamar santimita 120. Mafita ita ce tsaron ya koma wurin yara: ƙaramar ƙofar shinge mai sakatar da sai babba, a bakin sashen ƙananan yara, babbar ƙofa kuma a bar ta da sauƙi, a sa mata 'yar ƙararrawa, teburin ma'aikaci yana kallonta. Ƙofar fita ta gaggawa ba a sa mata kwaɗo ko wane dalili. Gefen ƙofa wajen hinji a rufe shi da roba don yatsun yara, a sa gilashin leƙe dogo daga sama har ƙasa don kada a buɗe ƙofa a kan wanda yake bayanta.

In akwai tudu a yi gangara, duk santimita 1 na tsayi a bashi 12 na tsawo, wato matakala ɗaya mai santimita 15 tana cin gangarar santimita 180. Mariƙi a yi biyu, na manya tsakanin 86 da 96, na yara kada ya wuce 71, a hagu da dama, ya zarce ƙarshen matakala da santimita 30. Tsakanin sandunan shinge kada ya kai santimita 10, kuma a tsaye ba a kwance ba don kada ya zama tsani. Bakin kowace matakala a yi masa layi mai launi daban.

Soket a nan ma ana cin karo, amma an yi sa'a maganin ɗaya ne. A ɗaga shi, tsoho ba sai ya sunkuya ba, mai rarrafe kuma bai kai ba. Kamar mita ɗaya daga ƙasa, irin mai murfin ciki da ke rufe ramukan da kansa. Waya kada ta ratsa ƙasa ko ɗaya.

Mataki na takwas: banɗaki

Ya kasance kusa, kuma ana hango ƙofarsa daga wurin haɗuwa, don yaro ɗan uku da tsoho ɗan tamanin duk basa iya dogon riƙo. Da yawa daga tsofaffi abin da yake hana su fita kenan, basa faɗa ne kawai. Na manya daban na yara daban, wannan mutunci ne kuma kariya ce ga kowa. Masai na manya tsayin santimita 43 zuwa 48 da ƙarafan riƙewa a gefe da baya, an kafa su a bango da gaske yadda zasu ɗauki nauyin mutum, na ƙananan yara kuma kamar 28 zuwa 30. Ƙofar ta riƙa buɗewa waje, don in mutum ya faɗi a ciki jikinsa kada ya tokare ta, makullin kuma wanda ma'aikaci zai iya buɗewa ta waje. A sa igiyar kiran taimako da ta sauko har kusa da ƙasa.

Fatar yaro da ta tsoho duk sirara ce. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona ta cikin daƙiƙoƙi. In akwai tankin ruwan zafi ana barinsa da zafi don kashe ƙwayoyin cuta, sai filamba ya sa bawul mai gauraya ruwa kusa da famfo yadda abin da zai fito ba zai wuce digiri 41 zuwa 43 ba. Wurin wanke hannu kuwa a fito da ɗaya waje kusa da teburin haɗuwa, tsayi biyu a jere, kowa ya wanke kafin a zauna da bayan an tashi, don mura da yaro zai warke cikin kwana uku tana iya kwantar da tsoho.

Mataki na tara: ajiya

Kayan wasa a kanta ta ƙasa inda yara zasu ɗauka su mayar da kansu, da hoto a jikin kowane akwati. Kayan manya tsakanin ƙugu da kafaɗa. Amma abin da ake mantawa shi ne jakar tsofaffi. A ciki akwai magungunan hawan jini da na suga, wasu ƙwaya ɗaya ko biyu ta isa ta jefa ƙaramin yaro cikin haɗari, akwai kuma ƙananan batura. Batirin litiyam mai kama da kwabo in ya maƙale a maƙogwaron yaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Don haka a yi ƙananan lokoki masu makulli kusa da ƙofa, makulli mai babban kai da yatsu masu ciwo zasu iya juyawa. Allura, almakashi, maɓallai, duwatsun ado, duk a kabad mai kulle, a fito da su sai lokacin aiki. In da yara 'yan ƙasa da shekara 3, duk abin da faɗinsa bai wuce kamar santimita 3 ba to yana iya shaƙe su. Sabulu da sinadarin goge-goge suna sito a kulle.

Iska da ado ba zan daɗe a kansu ba. Yara masu gudu zafi suke ji, tsofaffi a zaune sanyi suke ji, to kada ka sa kujerun manya a saitin fanka ko bakin na'urar sanyi, kuma iska ta riƙa shiga tana fita. Shuke-shuke suna da kyau a akwati mai tsayi da kowa zai iya ba ruwa, amma a bincika kowace shuka kafin a shigo da ita don wasu na ado guba ne. Hotuna a rataye su ƙasa-ƙasa daidai idon wanda ke zaune, na yara da na manya a gauraye. Agogo babba mai manyan lambobi. Alamu kuma hoto da rubutu tare, yaron da bai iya karatu ba da babban da ido ya gaza duk su gane.

Mataki na goma: gwada kafin ka kira kafinta

Kafin ka sayi komai mai tsada, ka zana tsarin a ƙasa da tef mai mannewa, ka jera kwalaye a matsayin kanta da shinge, ka aro kujeru, ka gayyato yara kaɗan da manya kaɗan su yi awa biyu a ciki. Kai kuma ka koma gefe da takarda ka yi shiru. Duba inda yara suke gudu, inda mai sanda ya tsaya yana neman abin dafawa, kujerar da kowa yake rububi da wadda ba wanda ya kalla, inda ma'aikaci ya kasa hango wani lungu. Duk inda kaga babba ya dafa bango, wurin yana neman mariƙi ko kujera. Ka matsar da kwalayen a sake gwadawa.

Ka ajiye wani abu daga kuɗin aikin kada ka kashe duka ranar buɗewa, don bayan wata biyu ko uku zaka ga abubuwan da gwaji bai nuna ba. A buɗe littafi da ma'aikata zasu riƙa rubuta duk tuntuɓe da zamewa ko da ba a ji ciwo ba, da wurin da lokacin. In wuri ɗaya ya fito sau biyu a littafin, a je a duba ƙasan wurin da haskensa a ranar.